Asuba Ko Tsakar Dare: Lokacin Wa Marubuci Yake Ci?

Akwai wata gardama wadda ta daɗe tana kai da komowa tsakanin 'yan wannan ƙungiya tamu masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai, watau a kan wane lokaci ne, cikin dare da rana, ya fi dacewa mutum ya ɗauki alƙalami. Wasu sun kafe a kan asuba, suna cewa a lokacin ne ƙwaƙwalwa take garau kamar ruwan randa da ya kwana. Wasu kuma sun ce faufau, labari ba ya sauka sai ƙafa ta ɗauke, gari ya yi tsit, ba ka jin kome sai haushin karnuka. Na sha zama ina sauraron ɓangarorin nan biyu, kowanne da manyan marubutan da yake kafa hujja da su, kuma ban taɓa ganin wanda ya sauko daga kan ra'ayinsa ba. Mai karatu yana iya cewa wannan ai zancen 'yan hutu ne, kowa ya yi rubutunsa sa'ad da ya ga dama mana. To, ni a ganina maganar ta fi haka nauyi, domin akwai haƙƙi a cikinta, kuma haƙƙin nan ne nake so mu duba. Amma kafin mu kai can, ya kamata a bai wa kowane ɓangare damarsa.

'Yan dare suna da al'ada a bayansu. A ƙasar Hausa tatsuniya abar dare ce, bayan an ci tuwo an shimfiɗa tabarmi. Har akan tsorata yara da cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, sai fa in ya fara ɗaure Gizo. Duk wanda ya yi hankali ya san babu yaron da ya taɓa ɓata saboda haka. Hikimar tsofaffi ita ce rana ta aiki ce, akwai surfe da daka da ɗiban ruwa da kiwo, in aka bar yara suka zauna jin labarin Gizo da Ƙoƙi da hantsi, wa zai kai awaki bakin gari? Littattafai ma sun bi wannan sawu. Shaharzad ta cikin Dare Dubu da Ɗaya takan ja labarinta har asuba ta riske ta, sannan ta yi shiru. Akun nan na Magana Jari Ce shi ma da dare yake tsare Musa da labari don kada ya fita. Sai dai akwai bambanci tsakanin mai ba da labari da baki da mai rubuta shi. Mai tatsuniya yana son dare ne don a lokacin jama'a suke taruwa. Marubuci kuwa yana son dare don a lokacin jama'a suke watsewa. Saboda haka al'adar da 'yan dare suke jingina da ita ba ta ce kome a kan ƙwaƙwalwa ba. Abin da ta ce shi ne kada labari ya ci lokacin aikin gida, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

'Yan asuba su kuma suna da malamai a bayansu. Ibnu Rashiƙ ya kawo a cikin littafinsa Al-Umda wasiyyar da Abu Tammam ya yi wa almajirinsa Buhturi, inda ya hore shi da ya nemi lokacin sahur in zai tsara waƙa, domin a lokacin rai ya sami rabonsa na hutu da barci. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya faɗi kusan haka a cikin Muƙaddima, cewa lokacin da ya fi shi ne sassafe, da tashi daga barci, ciki babu nauyin abinci, tunani kuma da kuzarinsa. Amma Ibnu Ƙutaiba, wanda ya riga shi da kimanin shekara 500, bai tsaya a kan lokaci ɗaya ba. Ya ambaci farkon dare kafin barci ya rinjayi mutum, ya ambaci farkon yini kafin cin abinci, har ya ƙara da kaɗaicin kurkuku da na tafiya. Waɗannan duk maganar mawaƙa suke yi, kuma mai tsara baiti 20 da mai rubuta littafi mai shafi 300 ba wahalarsu ɗaya ba ce. Mawaƙi yana iya jiran dare guda mai albarka. Mai dogon labari kuwa manomi ne, tilas ya koma gona gobe da jibi da gata, ko zuciya ta so ko ta ƙi.

Babu wanda ya tabbatar da wannan kamar wani Bature ɗan Ingila mai suna Anthony Trollope. Mutumin nan ma'aikacin gidan waya ne tun daga 1834 har 1867, amma ya mutu ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. Yadda yake yi kuwa, shi da kansa ya bayyana a cikin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883, shekara guda bayan mutuwarsa. Ƙarfe 5.30 na asuba tana yi masa a gaban tebur. Yakan ɗauki rabin sa'a yana karanta abin da ya rubuta jiya, sannan ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalmomi 250 a kowane minti 15. In sa'a uku ta cika sai ya tashi ya yi shirin aikin gwamnati. In kuwa ya gama littafi alhali da sauran lokaci, sai ya jawo farar takarda ya soma wani. Masu karatu da yawa na zamaninsa ba su ji daɗin wannan bayani ba, don sun ɗauka marubuci mutum ne da ake yi wa ilhama, sai ga shi yana faɗa musu cewa aikinsa da na baduku duk ɗaya ne.

A ɗaya gefen kuma ga Balzak na Faransa, wanda yakan kwanta tun ƙarfe 6 ko 7 na yamma, a tashe shi ƙarfe 1 na dare, ya yi ta rubutu yana kwankwaɗar baƙar gahawa har ƙarfe 8 na safe, ya ɗan runtsa, ya sake komawa. Bashi ne ya yi masa katutu, alƙalami kuwa shi kaɗai ne abin da zai biya da shi. Ya bar labarai kimanin 90 cikin babban jerin nan nasa, ya mutu a 1850 yana da shekara 51. Ga kuma Franz Kafka na birnin Firag, ma'aikacin ofishin inshorar ma'aikata, wanda yake zaune a gidan iyayensa cikin hayaniya. Yakan taso daga ofis da azahar, ya yi barci, sai wajen ƙarfe 11 na dare ya zauna rubutu. A daren 22 ga Satumba, 1912, ya zauna tun ƙarfe 10 bai tashi ba sai 6 na safe, ya rubuta gajeren labarinsa na hukuncin da uba ya yanke wa ɗansa, daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. 'Yan dare suna son wannan labari ƙwarai, kuma na ga dalili. Abin da ba su cika ambata ba shi ne mutumin ya rayu cikin rashin barci, sau biyu ana sa masa rana da yarinya ɗaya yana warwarewa, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne tsoron kada aure ya raba shi da darensa, kuma tarin fuka ya ɗauke shi a 1924 yana ɗan shekara 40.

To, me masu binciken jikin ɗan Adam suka ce? Sun tabbatar da cewa akwai wani agogo a cikin jiki wanda yake juyawa kusan kowace sa'a 24, shi ne yake tsara barci da farkawa da ɗumin jiki. Masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda ƙwayoyin gado suke tafiyar da wannan agogo, bincikensu kuwa a kan 'yan ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace suka yi shi. Agogon kowa da saitinsa. Tun a 1976 wasu masana biyu, Horne da Ostberg, suka tsara tambayoyin da ake rarrabe mutanen safe da mutanen dare da su, galibin jama'a kuwa suna tsakiya ne. An kuma gano cewa saitin yana sauyawa da shekaru: yana yin baya a lokacin samartaka har ya kai ƙarshen jinkirinsa wajen shekara 20, daga nan ya riƙa dawowa gaba. Ke nan in ɗalibi ya ce da dare yake jin kansa, malami kuma ya ce shi da asuba, mai yiwuwa ne dukansu gaskiya suka faɗa, shekaru ne suka raba su.

Wani abin mamaki kuma, a 2011 wasu mata biyu masu nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Mareike Wieth da Rose Zacks, sun gwada ɗalibai fiye da 400 da matsaloli iri biyu, masu bukatar lissafi daki-daki da masu bukatar dabara ta faɗo wa mutum farat ɗaya, irin kacici-kacici. Sai suka tarar ɗaliban sun fi warware iri na biyun a lokacin da ba nasu ba, watau ɗan safe da yamma, ɗan dare da safe. Bayanin da suka bayar shi ne in mutum ya ɗan gaji, mai gadin ƙofar tunaninsa yakan yi gyangyaɗi, sai baƙin tunani su sami hanyar shiga. Gwaji guda ba ya zama doka, kuma warware kacici-kacici ba rubuta littafi ba ne. Amma ya isa ya nuna cewa wanda yake jiran kimiyya ta yanke masa wannan gardama zai daɗe yana jira.

Da na duba rayuwar mutanen nan da ake kafa hujja da su, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kusan babu wanda ya zaɓi lokacinsa yadda mutum yake zaɓen yadi a kanti. Ragowa ce kowa ya tsinta. Trollope ya tashi da asuba don rana ta gidan waya ce. Kafka ya raba dare don safiya ta ofis ce, yamma kuma gidan ba shi zaunuwa. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, ya yi fiye da shekara 30 yana aikin gwamnati, saboda haka sai bayan ya taso daga ofis yake rubutu. Mu ma a nan gida haka abin ya faro. Sa'ad da aka yi gasar nan ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Malam Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana da ajinsa da ɗalibansa. Da aka so ya yi babban aiki kuwa, sai da aka ɗauke masa koyarwa aka kai shi Zariya a 1936 ya yi wata shida, a nan ne aka sami Magana Jari Ce. Hukuma ce ta saya masa lokacin. Mu da ba mu da mai saya mana, daga ina za mu samo namu? Yini ba ya ƙaruwa don mutum ya zama marubuci. Duk sa'ar da ya zauna rubutu, daga hannun wani ya karɓo ta, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Wannan shi ne haƙƙin da na ambata tun farko.

Wani lokaci daga hannun mai biyan albashi ake karɓowa. Ma'aikacin da ya rufe ofis yana tsara yadda jarumi zai sadu da masoyiyarsa, ga talakawa jere a kan benci suna jiran sa hannu tun hantsi, wannan ba sai an ja magana a kansa ba. Haka ɗalibin da iyayensa suka sayar da hatsi suka turo shi, ya bar lacca yana rubuta littafin da yake fata zai sa a san shi.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ake karɓowa daga jiki, domin mutum yakan ɗauka jikinsa nasa ne, ba wanda zai tuhume shi. Mun san labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci Abu Darda'i ya tarar yana azumi kullum yana tsayuwar dare, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga tatsuniya? Barci bashi ne, kuma mai binsa ba ya yafewa. Ɗalibin da ya raba dare da goro da shayi yana rubutu, gobe a aji zai biya. Magidancin da ya yi haka kuwa sau da yawa ba shi ne yake biya ba, matarsa da 'ya'yansa ne suke kwasar ɗacin ransa da safe, ko fasinjan da ya hau bayan babur ɗinsa. Ta haka sai ka ga bashin jiki ya koma bashin jama'a.

Amma babban mai bin marubuta bashi, wanda ba a cika rubuta sunansa a bangon littafi ba, shi ne mutumin gida. Shirun nan da marubuci yake nema ba daga sama yake saukowa ba, wani ne yake yi masa shi. Thomas Mann na Jamus yakan yi rubutu daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana, kuma a tsawon sa'o'in nan gidan kakaf sai ya yi tsit, 'ya'yansa shida ba mai ikon ɗaga murya. Wa yake tsare su? Matar Tolstoy, Sofiya, wadda ta haifi 'ya'ya 13, ita ce take zama da dare bayan ta gama hidimar gida tana kwafe rubutunsa mai wuyar karantawa da hannunta, babban littafin nan nasa na yaƙi da zaman lafiya kuwa ta kwafe sassansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ko Trollope ɗin da muka yaba, akwai wani tsohon ɗan bargarsa wanda aikinsa ne ya riga shi tashi, ya dafa gahawa, ya tashe shi, yana ƙara masa fam 5 a shekara a kan wannan. Abin da ya sa nake ganin girman Trollope shi ne bai ɓoye ba. Ya rubuta cewa tsohon bai taɓa makara ba, kuma watakila babu wanda ya fi shi hannu cikin nasarar da ya samu. Ya biya, ya kuma yi godiya a bainar jama'a. Nawa ne daga cikinmu suke yin ko da ɗaya daga cikin biyun?

Dubi kuma waɗanda ba su da mai yi musu shiru. Toni Morrison, Ba'amurkiyar da ta sami kyautar Nobel a 1993, ta soma rubutu tana aikin edita, tana riƙe da 'ya'ya maza biyu ita kaɗai. Ta ce tashi kafin ketowar alfijir tilas ce ta sa ta, don ta sami abin da za ta samu kafin yaran su farka su kira ta, sai daga baya ya zame mata ɗabi'a. 'Yar ƙasarmu Buchi Emecheta ta sami kanta a Landan tana da shekara 22 da 'ya'ya biyar, bayan ta rabu da mijin da ya ƙone mata rubutun littafinta na farko. Tana aiki, tana karatun digiri, tana tashi da sassafe ta yi rubutu, kuma da ta fitar da Second-Class Citizen a 1974 sai ta sadaukar da shi ga yaran nan, tana yaba hayaniyarsu. Waɗannan mata ba su taɓa samun sukunin tambayar wane lokaci ya fi albarka ba. Gardamar da muke yi a ƙarƙashin bishiya gardamar masu zaɓi ce.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Zai ce, ai duniya ta ci ribar daren Sofiya da shirun 'ya'yan Mann. In da Tolstoy ya tsaya lissafin haƙƙin kowa, da ba mu sami littafin ba. Ashe aiki mai girma ba ya wanke ɗan zaluncin da aka yi kafin a same shi? Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Bernard Williams, ya tattauna irin wannan a 1976, ya ɗauki misali da mai zanen nan Gauguin, wanda ya bar matarsa da 'ya'yansa ya bi zane, har ya dangana da tsibirin Tahiti a 1891. Williams ya nuna cewa a ranar da irin wannan mutum yake yanke shawara ba shi da wata hanyar sanin ko zai yi nasara, saboda haka in akwai abin da zai zame masa hujja, sai dai nasarar da ba ta zo ba tukuna, kuma ko ta zo, ba tilas ne waɗanda ya bari su karɓi hujjar ba. Ni a nan na tsaya. Abin da marubuci yake karɓa daga iyalinsa kuɗi hannu ne, abin da yake ba su kuwa alkawari ne. Cikin mutum dubu da suka hana gidansu sakat don suna rubutu, nawa ne suka zama Tolstoy? Sauran sun ci bashin, littafin kuma yana cikin akwati gara tana ci. Kai, ko wanda ya dace ma, kyawun littafinsa ya amfani masu karatu ne da ba su san shi ba, ita kuwa wadda ta yi asarar darenta ba a mayar mata da shi ba. Ana iya yin sadaka da abin da aka ƙwata, wanda aka bai wa ya ji daɗi, amma mai kaya yana nan yana bin kayansa.

Ba ina nufin marubuci ya zama marar ɗaukar kome daga kowa ba, don wannan ba ya yiwuwa ga kowane mai sana'a. Maƙeri ma yana hana maƙwabta barcin rana. Abin da nake nufi shi ne a roƙa a ba ka, kuma a san an ba ka. Matar da aka zauna da ita aka ce, ina neman sa'a biyu kullum, ga abin da zan ɗauke miki a madadinsu, ba daidai take da wadda aka daka wa tsawa don yaro ya yi kuka ba, ko da shirun da aka samu iri ɗaya ne.

In aka auna da wannan ma'auni, to ni ina tare da 'yan asuba, amma ba don dalilin da suke bayarwa ba. A ƙasarmu akwai abubuwan da suke taimakon asuba. Galibinmu dama muna tashi salla, saboda haka rabin wahalar Trollope an ɗauke mana, ba ma bukatar ɗan barga. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗaki ba ya zaunuwa da rana, farkon dare ma bango yana amayar da zafin da ya sha, sai goshin asuba iska take sanyi. In babu wutar lantarki, gari yana wayewa ya ishe ka a kan takarda. Sannan ga zumunci: da la'asar ko bayan lisha ba ka da ikon cewa baƙo ya koma don kana rubutu, in ka yi haka sau uku sunanka ya ɓaci a unguwa, amma ba mai yi maka sallama ƙarfe 6 na safe sai da babban dalili. Uwa-uba, kuɗin asuba daga aljihunka yake fita, muddin ka biya shi ta hanyar da ta dace, watau ka kwanta da wuri. Abin da za ka rasa shi ne hirar dare da latse-latsen waya, waɗannan kuwa naka ne, kana da ikon sayar da su. Wanda ya kai ƙarfe 1 yana hira sannan ya ce zai yi rubutun asuba, wannan ɗan dare ne da ya sauya suna, bashin barcin yana nan.

Duk da haka ba zan mayar da wannan doka ba. Wanda Allah ya yi agogon jikinsa na dare ne, ba shi da laccar safe, ba shi da iyali, kuma fitilarsa ba ta hana abokan ɗakinsa barci, ban ga laifinsa ba in ya bi darensa. Sai dai a ɗakin kwanan ɗalibai inda mutum shida ko takwas suke kwana, sharaɗin nan na ƙarshe da wuya ya cika, gara ya ɗauki takardunsa ya nufi aji. Babbar togaciya kuwa ita ce ta mata. Asubar da nake yabo, a gidaje da yawa ita ce lokacin da mace ta fi kowa aiki: hura wuta, ɗumame, wankan yara, shirin makaranta. Namijin da ya zauna a lokacin yana jin daɗin shiru da kofin shayi a gefensa, ya tambayi kansa wa ya dafa. 'Yan'uwanmu mata masu aure da suke rubutu, sau da yawa ɗan tsakanin nan na hantsi ne nasu, bayan an watse kafin a ɗora sanwar rana, ɗaliba kuwa a lokacin tana aji. Ita ba asuba, ba hantsi, dare kuma ta gaji.

Saboda irin waɗannan ne nake kawo shawara ga shugabannin ƙungiya, da malamanmu masu ba ta shawara, cewa a nemi aji guda a sashe a riƙa buɗe shi ranar Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, don masu rubutu kaɗai. Kada a yi jawabi, kada a karanta wa juna kome, kada a zaɓi shugaban zama. A zo da takarda a zauna. Masu goyo su zo da 'ya'yansu, mu kuma maza da muka riga muka ci asubarmu a ɗaki mu karɓi riƙon yaran a waje bi da bi. Sa'a uku a mako ba ta kai abin da Trollope yake samu a kwana biyu ba, amma wadda ta riƙa rubuta shafi uku kowace Asabar, in shekara ta zagayo tana da shafi fiye da 150 a hannunta.